MARIGAYI MANJO-JANAR SHEHU MUSA 'YAR'ADUWA, TAFIDAN KATSINA (1943–1997): DAGA AJI ZUWA FAGEN FAMA

GABATARWA

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Kamar yadda aka saba kowace shekara, wannan mujalla ta ƙungiyarmu takan keɓe wasu shafuka domin tunawa da ɗaya daga cikin magabatanmu da suka riga mu gidan gaskiya, saboda 'ya'yanmu da jikokinmu da aka haifa a Legas da Abuja da Kaduna da Fatakwal su san irin mutanen da ƙasar Katsina ta fitar. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A bana mun waiwayi Marigayi Manjo-Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina.

Da yawa daga cikin masu karatu sun san shi ne a matsayin gogaggen ɗan siyasa, wasu kuma a matsayin yayan Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Mu kuwa da muka ƙare ƙarfinmu tsakanin allo da alli, daga aji za mu ɗauko tarihinsa. A shekarar 1961 ɗalibai 18 ne suka zauna jarrabawar kammala sakandare a Makarantar Sakandaren Lardi ta Katsina. Biyu daga cikinsu, wato Shehu Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari, sun ajiye alƙalami sun ɗauki bindiga, kuma kafin a cika shekara shida da fitarsu daga makaranta ƙasar ta faɗa cikin yaƙin basasa. Abin da muke son mai karatu ya lura da shi shi ne yadda yaƙin nan ya ɗora wa yaran makaranta nauyin da ya girmi shekarunsu, ya miƙa musu mulki tun suna samari, da kuma abin da Shehu ya yi da wannan mulki bayan ya shigo hannunsa.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Shehu a birnin Katsina ranar 5 ga Maris, 1943, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu yake kan ganiyarsa, ana ta kwasar samarin Arewa zuwa yaƙin Bama. Shekara guda bayan haihuwarsa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu, ɗansa Usman Nagogo ya hau gadon sarauta a 1944. Gidan da aka haifi Shehu gida ne na sarauta da ilimi. Kakansa, Malam Umaru, shi ne Matawallen Katsina, wato mai kula da baitulmalin masarauta. Mahaifinsa, Malam Musa 'Yar'aduwa, malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, ya zama Ministan Harkokin Legas a gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma kuma ya riƙe sarautar Matawalle.

Katsinar wancan zamani gari ne da ya riga ya yi suna a harkar karatun boko. A nan ne aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa da sauran manyan Arewa, kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya kuma Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Saboda haka yaron da ya tashi a irin gidan Matawalle ba shi da wata hanya sai ta karatu, na allo da na boko. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shehu ya yi Makarantar Midil ta Katsina, sannan ya zarce Sakandaren Lardi, wadda daga baya aka sani da Kwalejin Gwamnati ta Katsina.

A wannan makaranta ta kwana ne ya yi zaman aji ɗaya da wani siririn yaro daga Daura, Muhammadu Buhari, wanda ya girme shi da 'yan watanni kawai. Cikin abokan karatunsu har da Umaru Abdullahi, wanda ya bi hanyar shari'a har ya zama Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ƙasa a 1999. Makarantar lardi a lokacin takan tattaro yara daga sassan lardi duka, ɗan sarki da ɗan manomi su kwana ɗaki guda, su ci abinci iri guda, su sha horo iri guda.

AJIN 1961 DA KIRAN SHIGA SOJA

Domin a fahimci dalilin da ya sa ɗan minista ya zaɓi aikin soja, dole a tuna yadda ake kallon wannan aiki a ƙasar Hausa kafin 'yancin kai. Mutanenmu sun ɗauki soja aikin wanda ya gagari iyayensa ne, ko wanda ya gudo daga gida saboda bashi ko laifi. Arewa ce ke ba da mafi yawan ƙananan sojoji, amma a cikin hafsoshi 'yan Nijeriya da suka samu muƙami kafin 1960, 'yan Arewa kaɗan ne ƙwarai, irin su Zakariya Maimalari da Kur Muhammad da Abogo Largema da Yakubu Pam da Yakubu Gowon. Ga shi kuma Turawan Ingila da ke riƙe da manyan muƙamai suna shirin komawa gida.

Shugabannin Arewa sun hango haɗarin wannan giɓi. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya ba da misali da kansa, domin ɗansa Hassan ya shiga soja a 1956. Ministan Tsaro Muhammadu Ribaɗu da ƙaramin ministansa mai kula da rundunar ƙasa, Ibrahim Tako Galadiman Bida, suka duƙufa wajen jawo hankalin ɗaliban manyan makarantu. A 1961 aka shigo da tsarin raba gurabe wajen ɗaukar hafsoshi, aka ba Arewa kashi 50 cikin 100, Gabas da Yamma kowace kashi 25. Wannan tsari ya zo daidai da shekarar da su Shehu suke ajin ƙarshe.

Har ila yau, ba lokacin zaman lafiya sosai ba ne. Tun daga 1960 sojojin Nijeriya suke ƙasar Kwango a ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, suna kai da komo bataliya bayan bataliya har zuwa 1964. Duk ɗalibin da ya cika takardar shiga soja a waɗannan shekaru ya san cewa ba fareti kaɗai ake yi a aikin ba. Bugu da ƙari, ga wanda ya riƙe takardar kammala sakandare a Arewa ta 1961, ƙofofi a buɗe suke ta kowane ɓangare: ana neman ma'aikata a ofisoshin gwamnatin Jihar Arewa da na En'e, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana gab da buɗewa a 1962. Shehu yana da uba minista, ba abin da zai hana shi samun kujera mai laushi. Duk da haka, da ƙarfafawar mahaifinsa, ya zauna jarrabawar shiga soja, ya ci, ya shiga Kwalejin Horar da Sojoji ta Kaduna a 1962, shekara ɗaya da abokin ajinsa Buhari.

Irin wannan ya faru a wasu lardunan ma. Daga Sakandaren Lardi ta Bida, aji guda ya fitar da Ibrahim Babangida da Mamman Vatsa, waɗanda suka shiga kwalejin ta Kaduna a Disamban 1962, da Abdulsalami Abubakar da wasu da dama. Daga Sakandaren Lardi ta Kano kuma Sani Abacha ya fito. Mai karatu ya riƙe waɗannan sunaye, domin za su sake ɓullowa a cikin labarin.

DAGA SANDHURST ZUWA INUGU

Bayan horon farko a Kaduna, aka raba ɗaliban zuwa makarantun soja na ƙasashen waje. Buhari ya tafi makarantar Mons da ke Ingila, inda horon yake na 'yan watanni, ya fito da muƙamin hafsa a Janairun 1963. Shehu kuwa aka zaɓe shi zuwa Sandhurst, babbar makarantar hafsoshin Ingila, inda horon ya fi tsawo, ya dawo gida a 1964 da muƙamin ƙaramin Laftana.

Wurin aikinsa na farko shi ne Bataliya ta Ɗaya da ke Inugu, babban birnin Jihar Gabas, a ƙarƙashin Laftana-Kanar Adekunle Fajuyi. Ya fara da jagorancin ƙaramin rukunin sojoji, daga 1965 kuma ya zama jami'in da ke tafiyar da harkokin ofis da ladabtarwa na bataliyar. Ga Bakatsine ɗan shekara 21 a tsakiyar ƙasar Ibo, a ƙarƙashin kwamanda Bayarabe, yana ba sojoji na kowace ƙabila umarni. Haka rundunar Nijeriya take kafin abubuwa su lalace.

Ranar 15 ga Janairu, 1966, wasu ƙananan hafsoshi suka yi juyin mulki na farko. Aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Firimiyan Yamma Akintola da Ministan Kuɗi Okotie-Eboh, aka kuma kashe Birgediya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftana-Kanar Largema da Laftana-Kanar Pam, tare da wasu manyan hafsoshi daga Kudu. A dare ɗaya gwamnatin da mahaifin Shehu yake minista a cikinta ta rushe, kuma kusan duk manyan hafsoshin da samarin Arewa suke kallo a matsayin iyayen gidansu suka ƙare. Ranar 29 ga Yuli aka yi juyin mulkin ramuwa, wanda ya ci ran Janar Aguiyi-Ironsi da Fajuyi, tsohon kwamandan Shehu, a Ibadan, tare da hafsoshi da sojoji 'yan Gabas masu yawa. A barikin Inugu, inda Laftana-Kanar David Ogunewe yake kwamanda a lokacin, Allah Ya sa ba a yi irin zubar da jinin da aka yi a sauran barikoki ba, kuma a watan Agusta aka kwaso sojojin da ba 'yan Gabas ba a jirgin ƙasa. A cikin wannan shekara kuma, a watan Mayu da Satumba da Oktoba, aka kashe dubban 'yan Gabas fararen hula a garuruwan Arewa, sauran suka tsere gida. Wannan baƙin tabo ne a tarihinmu, kuma bai dace mu ɓoye wa 'ya'yanmu shi ba.

YAƘIN BASASA

Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, Katsina ta faɗa cikin Jihar Arewa ta Tsakiya mai hedikwata a Kaduna. Bayan kwana uku Odumegwu Ojukwu ya yi shelar ɓallewar Biyafara, kuma ranar 6 ga Yuli aka fara harbe-harbe. A ranar Gowon yana da shekara 32, Ojukwu 33, Murtala Muhammad 28, Shehu da Buhari kuwa 24.

Rundunar da ba ta wuce kimanin mutum 10,000 ba kafin yaƙi, sai da ta kumbura zuwa kusan 250,000 a ƙarshensa. Aka kira tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin Bama suka sake sa kaki. Aka riƙa ɗaukar samari daga gonaki da kasuwanni da tashoshin mota, a ba su horo na 'yan makonni a tura su fagen daga. Makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna ta buɗe kwasa-kwasan gaggawa na 'yan watanni, inda malaman makaranta da akawuna da yaran da ba su daɗe da barin aji ba suka zama hafsoshi. Da yake juyin mulki biyu sun cinye manyan hafsoshi, 'yan Gabas kuma sun koma gida, sai ya zamana samari irin su Shehu, masu shekara uku ko huɗu kacal a bakin aiki, su ne ƙwararrun da aka dogara da su. Muƙamin da a ƙa'ida sai mutum ya yi shekaru masu yawa kafin ya kai, sai ga shi an ɗora wa ɗan shekara 24. A 1967 Shehu ya zama kwamandan bataliya, a 1968 kuma kwamandan birged.

Abokan ajin biyu sun rabu a nan. Buhari ya fara yaƙin ne a Runduna ta Ɗaya ta Muhammadu Shuwa, wadda ta gangaro daga arewa. Shehu kuwa ya samu kansa a Runduna ta Biyu. Ranar 9 ga Agusta, 1967, sojojin Biyafara suka tsallaka Kogin Kwara suka mamaye Jihar Yamma ta Tsakiya, suka danna har garin Ore a kan hanyar Legas. Cikin gaggawa aka harhaɗa Runduna ta Biyu a ƙarƙashin Murtala Muhammad, da duk wanda aka samu, har da masu dafa abinci da ma'aikatan ofis. Rundunar ta ƙwato birnin Benin a watan Satumba, ta isa Asaba a farkon Oktoba. A Asaba, ranar 7 ga Oktoba, sojojin wannan runduna suka kashe ɗaruruwan maza fararen hula, abin da mutanen garin suke juyayinsa har yau. Duk wanda zai ba da labarin jaruntakar Runduna ta Biyu, wajibi ne ya ambaci wannan rana ma.

Daga Asaba ana hango Anacha a ɗaya gefen kogi, amma sojojin Biyafara sun riga sun karya gadar. Murtala ya nace a tsallaka da jiragen ruwa kai tsaye. Aka gwada har sau uku, kowane karo ya ƙare da asarar rayuka da kayan yaƙi masu yawa, sojoji da dama kuma ruwa ya ci su. Daga bisani aka sauya dabara, rundunar ta tsallaka kogin ta Ida, ta kewayo ta ƙasa, ta bi ta Awka, har ta shiga Anacha ranar 21 ga Maris, 1968. Shehu yana cikin kwamandojin da suka jagoranci wannan shiga, makonni biyu bayan ya cika shekara 25. Kwana goma bayan haka, a Abagana, sojojin Biyafara suka yi wa jerin motocin rundunar kusan 100 kwanton ɓauna, suka ƙone ƙurmus.

An ci gaba da gwabzawa har zuwa Janairun 1970, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuya ga Gowon a Barikin Dodan ranar 15 ga wata, bayan wata 30 ana yaƙi. An ƙiyasta cewa mutum miliyan ɗaya ko fiye ne suka rasa rayukansu, mafi yawansu fararen hula ne da yunwa ta kashe a yankin Biyafara, musamman ƙananan yara. Shehu ya fito daga yaƙin yana da shekara 26. Abokan karatunsa da suka bi hanyar jami'a a lokacin suke fara hawa matakan farko na aiki, shi kuwa ya riga ya tura dubban mutane gaban wuta, ya ga waɗanda suka dawo da waɗanda ba su dawo ba.

DAGA FAGEN FAMA ZUWA GADON MULKI

Samarin da suka ci yaƙi sun fito da yaƙinin cewa su ne suka riƙe Nijeriya da jininsu, don haka suna da ta cewa a kan yadda za a tafiyar da ita. Gowon ya yi alkawarin mayar da mulki ga farar hula a 1976, amma a Oktoban 1974 ya janye alkawarin. Ranar 29 ga Yuli, 1975, yana taron shugabannin Afirka a Kampala, wasu hafsoshi masu matsakaicin muƙami suka kifar da shi ba tare da zubar da jini ba. Laftana-Kanar Shehu 'Yar'aduwa yana cikin jagororin wannan shiri, tare da Joseph Garba da Abdullahi Muhammad da Ibrahim Taiwo da Anthony Ochefu. Ba su hau kujerar da kansu ba, sai suka miƙa ta ga manyansu, Murtala da Olusegun Obasanjo da Theophilus Ɗanjuma. Duk da haka juyin mulki juyin mulki ne, kuma ƙofar da aka sake buɗewa a ranar wasu sun bi ta cikinta daga baya.

Murtala ya naɗa Shehu Kwamishinan Sufuri na Tarayya, ya kuma tura Buhari ya zama Gwamnan Jihar Arewa maso Gabas. Aikin da ya tarar da Shehu ba ƙarami ba ne. Gwamnatin da ta gabata ta yi odar siminti fiye da abin da tashar Legas za ta iya saukewa, har jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, ƙasa tana biyan kuɗin jira kowace rana. A zamaninsa aka soke wasu kwangiloli, aka rage cunkoson, aka kuma kama hanyar gina sabuwar tashar Tin Can, wadda aka buɗe a 1977.

Ranar 13 ga Fabrairu, 1976, aka kashe Murtala a yunƙurin juyin mulkin Dimka. Obasanjo ya zama Shugaban Ƙasa. Domin a kwantar da hankalin Arewa, aka nemi Musulmi ɗan Arewa ya zama na biyu a gwamnati, aka ɗaga Shehu daga Laftana-Kanar zuwa Birgediya, aka tsallake manyansa da dama, ya zama Shugaban Hafsoshi na Hedikwatar Ƙoli yana da shekara 32. Buhari kuma ya zama Kwamishinan Man Fetur. Shekara 15 bayan jarrabawar 1961, 'yan aji ɗaya guda biyu suna zaune a majalisar da ke mulkin Nijeriya.

A ƙarƙashin ofishin Shehu aka gudanar da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen tsarin En'e, ya kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a faɗin ƙasa. A wannan gwamnati ne kuma aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, wanda ya cika makarantun horon malamai da ɗalibai. Amma babban aikin shi ne cika alkawarin da Murtala ya ɗauka na miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba, 1979. Aka rubuta tsarin mulki, majalisar tsara shi ta zauna, aka ɗage takunkumin siyasa a Satumban 1978, aka yi zaɓe, aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari a ranar da aka yi alkawari. Shehu 'Yar'aduwa ya tuɓe kaki da muƙamin Manjo-Janar yana da shekara 36. A nahiyar da sojoji suka saba mutuwa a kan kujera, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a ganinmu shi ne mafi girman abin da ya yi a cikin kaki.

KASUWANCI DA SIYASA

Bayan ritaya ya shiga noma da kasuwanci. Ya kafa gonar Sambo, ya shugabanci bankin Habib na Nijeriya, ya sa hannu a harkar sufurin jiragen ruwa, ya kuma kafa jaridar The Reporter a Kaduna. A gida kuma yana riƙe da sarautar Tafidan Katsina. Ana cikin haka sojoji suka dawo: a ƙarshen 1983 aka kifar da Shagari, Buhari ya zama Shugaban Ƙasa, a Agustan 1985 Babangida ya kifar da Buhari ya tsare shi, a Maris na 1986 kuma gwamnatin Babangida ta harbe Mamman Vatsa, abokin ajinsa tun daga Bida, bisa tuhumar shirya juyin mulki. Zumuncin makaranta bai iya tsayawa gaban mulki ba.

Da Babangida ya buɗe fagen siyasa, Shehu ya kafa ƙungiyar da ta tattaro 'yan siyasa daga kowane sashe na ƙasa, irin su Babagana Kingibe da Atiku Abubakar da Chuba Okadigbo da Bola Tinubu da Lawal Kaita. Gwamnati ta ƙi yi wa ƙungiyoyin siyasa rajista a 1989, ta kafa jam'iyyu biyu da kanta, SDP da NRC, mutanensa suka shiga SDP suka yi ƙarfi a cikinta. A zaɓen fitar da gwani na 1992 shi ne ya yi gaba, har da ƙuri'u masu yawa daga jihohin Kudu, amma Babangida ya soke zaɓen ya haramta wa 'yan takara 23 na jam'iyyun biyu sake tsayawa. A taron Jos na 1993 mutanensa suka mara wa Cif Moshood Abiola baya.

Ba a rasa masu sukarsa ba. Wasu sun zarge shi da shigo da kuɗi masu yawa cikin siyasa. Wasu kuma ba su yafe masa ba saboda bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, ɓangarensa ya amince da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan, wadda Janar Sani Abacha ya ture ranar 17 ga Nuwamba. Mun kawo wannan ne domin tarihi ba kirari ba ne, kuma ɗan Adam tara yake bai cika goma ba.

TSAREWA DA RASUWA

A 1994 aka zaɓe shi wakili a taron tsara tsarin mulki da Abacha ya kira. A Disambar shekarar, da ƙoƙarinsa da na magoya bayansa, taron ya zartar da ƙudurin cewa sojoji su sauka daga mulki a Janairun 1996. Abin da ya yi da kansa a 1979 shi ne ya nemi na bayansa su yi. A watan Maris na 1995 aka kama shi, aka kama Obasanjo, aka tuhume su da hannu a shirin juyin mulki. Kotun soja ta musamman ƙarƙashin Patrick Aziza, wadda ta yi zamanta a asirce, ta yanke masa hukuncin kisa. Bayan matsin lamba daga ciki da wajen ƙasa aka sassauta hukuncin zuwa ɗauri a watan Oktoba. A daidai waɗannan shekaru abokin ajinsa Buhari yana shugabantar asusun PTF a gwamnatin ta Abacha. Haka rayuwa ta raba hanyoyin yaran da suka zauna jarrabawa ɗaki guda.

An riƙa sauya masa gidan yari har aka kai shi Abakaliki, a tsohuwar Jihar Gabas, yankin da ya fara aikin soja a 1964, ya kuma yi yaƙi domin ya ci gaba da zama cikin Nijeriya. Ranar 8 ga Disamba, 1997, Allah Ya yi masa rasuwa yana tsare, yana da shekara 54. Zargin cewa allurar guba aka yi masa ya bazu ƙwarai, har aka tayar da maganar a gaban kwamitin Mai Shari'a Oputa bayan dawowar mulkin farar hula. An kawo gawarsa Katsina, aka yi masa sutura, aka binne shi a maƙabartar Ɗanmarna.

Wata shida bayan rasuwarsa Abacha ya rasu. Abdulsalami Abubakar, ɗan ajin nan na Bida, ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayu, 1999, ga Obasanjo da mataimakinsa Atiku Abubakar, a ƙarƙashin jam'iyyar PDP, wadda ƙungiyar Shehu ta PDM tana cikin ginshiƙanta. Ƙanensa Umaru ya yi Gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007, sannan Shugaban Ƙasa har rasuwarsa a 2010. Buhari ma ya dawo ta akwatin zaɓe, ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ya rasu a watan Yulin 2025. A Abuja akwai cibiya mai ɗauke da sunan Shehu Musa 'Yar'aduwa.

KAMMALAWA

Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, abu biyu muke so mu bar muku. Na farko ya shafi makaranta. Aji mai ɗalibai 18 ne ya fitar da mutum na biyu a gwamnatin Nijeriya da kuma wanda ya shugabance ta sau biyu. A shekarunmu na aiki mun shiga ajin da yara suka haura 100, wasu a ƙasa suke zaune, malami ɗaya ba ya ko iya riƙe sunayensu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda Allah Ya buɗa wa a birni, ya tuna da firamaren unguwarsu da sakandaren da ta yaye shi, ko da benci ne, ko rufin aji ɗaya, ko kuɗin jarrabawar maraya.

Na biyu ya shafi waɗanda ba su zama janar-janar ba. A kan kowane hafsa da tarihi ya riƙe sunansa, akwai ɗaruruwan samari daga unguwanninmu da ƙauyukanmu da suka tafi tsakanin 1967 da 1970, wasunsu daga aji suka fita, ba su dawo ba, ba a kuma san kabarinsu ba. Waɗanda suka dawo, da yawansu sun ƙare rayuwarsu a gadi da jiran fansho, kuma 'yan kaɗan da suka rage duk sun haura shekara 70. Muna ba ƙungiyarmu shawara ta sa kowane reshe ya tattara sunayen 'yan yankinsa da suka je wannan yaƙi, da makarantun da suka yi, a ziyarci masu rai a ji labari daga bakinsu, a tallafa wa iyalan waɗanda suka rasu, musamman a ranar 15 ga Janairu da ake tunawa da 'yan mazan jiya. Idan muka yi jinkiri, nan da 'yan shekaru babu wanda za a tambaya.

Allah Ya jiƙan Tafida, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya jiƙan dukkan waɗanda suka rasu a wannan yaƙi. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, kada Ya sake nuna wa 'ya'yanmu ranar da za a kwashe su daga aji zuwa fagen fama. Amin.